Tafiya a Garuruwan Kan Tsauni na Andalus: Ganuwa na Nan, Masu Gari na Raguwa

Da hantsi motocin safa suke fara isowa Setenil. Garin yana cikin wani kwazazzabo a lardin Kadis da ke kudancin Sifaniya, inda kogi ya daɗe yana rarake dutse har ya bar wata doguwar rumfa. A ƙarƙashinta mutane suka yi gidajensu. Bangon gaba kawai suka gina suka shafe da farar ƙasa, dutsen ya zama rufi, ya zama bangon baya. Can sama kuma hasumiyar da Musulmi suka gina tana nan tsaye.

Kafin azahar titin da ke bakin kogin ya cika maƙil, ba masaka tsinke. Kowa waya a hannu, masu gidajen abinci suna ta kai-kawo da faranti. Da la'asar sakaliya motocin sun kwashe mutanensu sun koma otal-otal na bakin teku. Abin da ya rage shi ne gari mai mutum ƙasa da 3,000, da dattawa a kan benci.

Haka abin yake a garuruwan kan tsauni da dama na yankin Andalus. Da rana suna fama da yawan mutane, da dare suna fama da rashinsu.

Baƙi miliyan casa'in da ɗoriya

A shekarar 2024 Sifaniya ta karɓi baƙi 'yan yawon buɗe ido kusan miliyan 94, wato kusan ninki biyu na al'ummar ƙasar. A wannan shekarar ce mazauna Malaga da Barcelona da wasu tsibirai suka fito zanga-zanga, suna kukan cewa gidajen haya sun koma masaukin baƙi, ɗan gari ya rasa wurin kwana a garinsu.

Cunkoson manyan birane ya sa matafiya da yawa suka juya akala zuwa cikin ƙasa. Sai mutum ya yi hayar mota a Ishbiliya, ya bi ta Arkos da Girazalema da Zahara, ya faɗa Olbera da Setenil, ya kwana a Runda, ya ratsa Antikera da Montefiriyo da Alkala, ya sauka Garnaɗa, ya ƙare a ƙauyukan Albujarra. Tafiyar ba ta wuce kilomita 600 ba, amma kwane-kwanen hanya ba sa barin a yi gudu.

Matafiya Musulmi ma sun ƙaru a yankin. Sai dai yawancinsu a wurare biyu suke tsayawa, fadar Alhamra ta Garnaɗa da tsohon masallacin Ƙurɗuba, su ɗauki hoto, su yi jimami, su wuce. A ganina wanda ya yi haka ya ga inda sarakuna suka zauna, bai ga inda talakawan Andalus suka yi noma, suka yi gadi, suka yi ƙarni biyu da rabi suna kwana da ido ɗaya ba.

Me ya kai gari kan tsauni?

Ba don kyan kallo aka gina su a can ba. Bayan Kiristocin Kastil sun ci Ƙurɗuba a 1236 da Ishbiliya a 1248, daga bisani daular Musulmi ɗaya ta rage, wato ta Banul Ahmar a Garnaɗa. Tsakaninta da maƙwabtanta aka sami doguwar iyaka ta tsaunuka wadda ta yi shekaru kusan 250 tana motsi kaɗan-kaɗan. Duk garin da matafiyi zai ratsa a wannan hanya, ko dai yana wannan gefen iyakar ko yana wancan.

Tsarin ginin kusan iri ɗaya ne. A ƙololuwa akwai hasumiya da ma'ajiyar ruwan sama, domin wanda aka yi wa ƙawanya ƙishirwa ce take fara kayar da shi. Ƙasa da ita ganuwa, sannan gidaje a manne da juna, da lunguna masu murɗe-murɗe waɗanda mahayi biyu ba sa jerawa. Tsakanin gari da gari akwai ƙananan hasumiyoyin tsaro, masu gadi suna isar da labari da hayaƙi da rana, da wuta da dare.

Amma ba kullum ake yaƙi ba. An sha ƙulla sulhu na shekaru, a buɗe hanya, fatake su wuce da alharini da dabbobi da mai. Akwai mutanen da sana'arsu ita ce shiga tsakani a fanshi fursunoni, akwai kuma alƙalai na musamman masu sauraren ƙarar satar shanu tsakanin Musulmi da Kirista.

Daga Arkos zuwa Zahara

Arkos ce ƙofar shiga. Tana zaune a kan wani dogon dutse mai gefe a miƙe kamar an yanka da wuƙa, kogin Gwadalete yana zagaye da ita. A ƙarni na 11 ta taɓa zama ƙaramar masarauta mai cin gashin kanta, kafin Sarki Alfonso na Goma ya mallake ta a 1264. Direban da ya kuskura ya shiga tsohon garin da mota zai gane dalilin da ya sa mutanen gari suke naɗe madubin gefe.

Daga nan hanya take fara hawa. Girazalema tana cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a duk Sifaniya, kimanin milimita 2,000 a shekara, abin mamaki a yankin da aka sani da fari. A ƙarni na 19 gari ne na masaƙa, bargunan ulunsa sun yi suna, mutanensa sun kai kusan 9,000. Da masana'antun arewacin Sifaniya suka kashe kasuwar, sai garin ya fara zubewa. Yau ba su fi 2,000 da 'yan kai ba.

Tsakanin Girazalema da Zahara akwai mashigin tsauni da ya haura mita 1,000. Kwana kan kwana ce, ungulaye suna shawagi daidai da gilashin mota. Da an gangaro sai Zahara ta bayyana, fararen gidaje a jingine da dutse, hasumiya a bisa, ruwan madatsa shuɗi a ƙasa.

Wannan ɗan ƙaramin gari mai mutum 1,400 ko kusa da haka yana da babban matsayi a tarihi. A watan Disamba na 1481 dakarun Sarkin Garnaɗa Abul Hasan Ali suka hau ganuwarsa cikin dare suka ƙwace shi daga hannun Kiristoci. Bayan wata biyu Kiristoci suka rama da cin garin Alhama. Daga nan aka shiga yaƙin shekara goma da ya ƙare da miƙa Garnaɗa ranar 2 ga Janairun 1492.

Runda: gari a bakin rami

Runda ta cancanci a kwana a cikinta. Wani rami mai zurfin kusan mita 100 ya raba garin biyu, kogi yana gudu a ƙasansa. Gadar da ta haɗa ɓangarorin, wadda aka kammala a 1793, ita ce kowa yake zuwa gani. Mafi yawan baƙi a kanta suke tsayawa.

Wanda ya ƙetare ya gangara tsohon garin zai ga abin da ya fi gadar tsufa. Akwai gidan wanka na zamanin Musulmi wanda ɗakunansa uku suke nan, da ƙananan tagogi masu siffar taurari a rufi. Akwai wata hasumiyar kiran salla da ta tsira domin an mai da ita wurin rataya ƙararrawa. A cikin babbar cocin garin kuma an bar wani ɓangare na mihrabin masallacin da yake wurin a da.

Abin da ya fi tsaya wa mutum a rai shi ne matakalar ruwa. A ƙarni na 14 aka sassaƙa ta a cikin dutse, kimanin taki 200 daga gari zuwa kogi. Idan aka yi wa garin ƙawanya, fursunonin yaƙi ake jerawa a kanta suna miƙa wa juna salkar ruwa har sama. Mai sauka a yau yana jin sanyi da danshi, yana kuma tuna cewa a iyakar nan kowane ɓangare ya bautar da na ɗaya ɓangaren.

Runda ta faɗi a watan Mayun 1485, cikin 'yan kwanaki. Igwa ce ta kawo ƙarshen zamanin ganuwa. Setenil da ta gagari maharan 1407, manyan bindigogin sarkin Kiristoci Fardinan suka fasa ta a 1484. Tsayin dutse ya daina zama kariya.

Malamanmu sun san garin ko da ba su taɓa taka shi ba. Abul Baƙa Arrundi, mai shahararriyar marsiyyar biranen Andalus, nan ake danganta shi. Haka ma Ibn Abbad Arrundi mai sharhin Hikam, wanda ya yi limanci a masallacin Ƙarawiyyin na Fas ya rasu a can a 1390.

Garin da ya sauko ƙasa

Gabas da Runda ƙasar takan buɗe, itatuwan zaitun su jeru layi-layi har iyakar ganin ido. A wuce Antikera da aka ci a 1410, a tsaya a Montefiriyo da ta riƙe har 1486. Sannan a isa Alkala a lardin Jayyan, inda ganuwar La Mota take zaune a kan tudu.

A zamanin Musulmi garin yana hannun zuriyar Banu Sa'id. A cikinsu aka haifi Ibn Sa'id a 1213, marubucin da littafinsa na labarin ƙasa ya yi bayanin daular Kanem da birninta Njimi da babban tafkin da ke kusa da ita. Masu nazarin tarihin Borno har yau suna komawa gare shi. Babban birnin lardin Jayyan kuwa shi ne mahaifar Ibn Malik mai Alfiyya. Idan aka haɗa da Ishiriniyar Alfazazi da tafsirin Ƙurɗubi da Tuhfar Ibn Asim, alƙalin Garnaɗa, za a ga cewa rabon Andalus a cikin gafakar almajiri ba kaɗan ba ne.

Alfonso na Goma Sha Ɗaya ya ci Alkala a 1341, ta zama babbar tashar kwastan tsakanin daulolin biyu. Da Garnaɗa ta faɗi, sai dalilin zama a sama ya ƙare. Wa zai ci gaba da hawa tudu da tulu alhali ba maharin da ake tsoro? Gida-gida mutane suka gangaro fili, har tsohon garin ya zama kufai, sojojin Faransa kuma suka ƙarasa lalata shi da suka mamaye yankin daga 1810 zuwa 1812. Mu ma mun san irin wannan saukowa: ƙauyukan kan dutse da yawa a Arewa sun gangaro ƙasa a farkon ƙarni na 20 bayan hare-hare sun lafa.

Yau mai ziyara yana tafiya a kan titunan da masu tonon tarihi suka tono, yana ganin harsashin gidaje da rijiyoyi da wuraren matsar inabi. An gyara wurin da kyau. Ba mai kwana a ciki.

Ƙaura ta biyu

Garuruwan da ba su da filin saukowa sun zauna a inda suke har tsakiyar ƙarni na 20. Sannan aka yi ƙaura mafi girma. Manyan gonaki suna hannun 'yan tsiraru, yawancin mutane 'yan ƙodago ne masu aikin 'yan watanni a shekara, injin noma kuma ya zo ya rage ko wannan ɗin. Daga shekarun 1950 zuwa 1970 matasa suka kwarara zuwa masana'antun Barcelona da Jamus da Faransa da Suwizalan. A 1970 haifaffun Andalus da ke zaune a yankin Kataloniya kaɗai sun haura 800,000. Montefiriyo da ta taɓa wuce mutum 10,000 yanzu ba ta kai 6,000 ba.

Matsalar ta ƙasa baki ɗaya ce. Cikin ƙananan hukumomi sama da 8,000 na Sifaniya, fiye da rabi ba su da mutum dubu. A ƙarshen Maris na 2019 dubun-dubatar mutanen karkara suka yi gangami a Madrid suna neman hanya da asibiti da intanet. Andalus ba ta kai tsakiyar ƙasar shiga wannan hali ba, amma ƙauyukan tsauninta suna kan hanya ɗaya: a rufe reshen banki, likita ya koma zuwa wasu ranaku kawai, a haɗa yara masu shekaru daban-daban a aji guda.

Zaitun da ya rage musu ma yana tangal-tangal. Farin 2022 da 2023 ya zabge man da Sifaniya take samarwa da fiye da rabi. Lokacin girbi kuma, cikin hunturu, a gonakin Jayyan za a tarar da 'yan Maroko da Senegal da Mali suna kakkaɓar itatuwan da jikokin masu gonar suka bari.

Baƙo magani ne ko ciwo?

Shugabannin garuruwa da masu otal suna ganin baƙi ne suka hana garuruwan mutuwa. Hujjarsu a fili take: ɗan da zai tafi birni ya buɗe masauki, mai cukun awaki ya sami kasuwa, tsohon gida ya sami mai gyara. Saboda haka garuruwa suke gogoriyon shiga ƙungiyar ƙauyuka mafiya kyau ta Sifaniya, wadda aka kafa a 2011. Montefiriyo ta ga canji tun da mujallar National Geographic ta sa ta cikin garuruwa masu kyan kallo a 2015.

Wasu sun wuce nan. A 2011 aka shafe ƙauyen Huskar da ke kusa da Runda da shuɗin fenti domin tallar wani fim na yara. Da aka gama, kamfanin fim ɗin ya ce zai mayar da farin, mutanen ƙauyen suka kaɗa ƙuri'a suka zaɓi shuɗin, domin ya kawo musu baƙin da ba su taɓa gani ba.

Masu suka kuwa suna cewa baƙon yini ɗaya ba ya raya gari. Yakan sha shayi, ya sayi tsaraba, ya bar shara da cunkoso. Gidan da aka mai da masaukin ƙarshen mako gida ne da sababbin ma'aurata ba za su samu ba, kuma ba ya tura yaro makaranta. Kantin da ke sayar da garin burodi da sabulu yakan koma na katin hoto.

Ko gyaran ganuwar ma ana jayayya a kansa. Tun 1949 doka ta sa duk tsofaffin sansanonin ƙasar a ƙarƙashin kariyar gwamnati, amma sun kai dubbai, kuɗin kula da su bai isa ba. Da wani sashe na hasumiyar Matrera a lardin Kadis ya rufta a 2013, aka tallafe ta da sabon farin bango mai santsi. Ƙungiyar kare kayan tarihi ta Hispania Nostra ta yi tir da aikin, masu zanen gine-gine kuma suka ba shi lambar yabo a 2016.

Ni dai ina tare da masu cewa ma'aunin ba yawan motocin da suka tsaya ba ne, yawan gidajen da ake kunna fitila a cikinsu a watan Janairu ne. Matafiyin da ya damu da wannan yana da abin yi, ko da kaɗan ne: ya kwana a garin, ya ci abinci a nan, ya yi sayayya a hannun mai yin abin.

Guzurin matafiyi

Ana tuƙi a hannun dama kamar a Najeriya da Nijar, amma yawancin motocin haya masu giyar hannu ne, hawan kuma yana cin kuloci. A ɗauki ƙaramar mota, a ajiye ta a gindin gari, a hau da ƙafa. Watannin Afrilu da Mayu da Oktoba sun fi daɗi, domin a Yuli da Agusta zafi yakan haura digiri 40. Kantuna suna rufewa daga bayan azahar zuwa la'asar.

Abinci yana buƙatar lura. Naman alade yana ko'ina, kitsensa yana shiga har cikin wasu kayan zaƙi, don haka a riƙa tambaya. Kifi da ƙwai da dankali da cuku da zaitun ba sa yankewa. Masallatai ba su da yawa a ƙauyuka, amma a Garnaɗa akwai babba da aka buɗe a 2003 a unguwar Albayyazin, yana fuskantar Alhamra.

Albujarra da ruwanta

Zangon ƙarshe yana kudu da Garnaɗa, a gangaren tsaunukan da ƙololuwarsu ta haura mita 3,400. Ƙauyukan Pampanera da Bubiyon da Kapilera suna jere, wani bisa wani, a gefen kwari guda. Gininsu ya bambanta da duk wanda aka baro: rufin shimfiɗaɗɗe ne, an daɓe shi da wani yumɓu mai ruwan toka, irin na ƙauyukan tsaunin Atlas a Maroko.

A yankin Albujarra aka ba sarkin Garnaɗa na ƙarshe, Abu Abdullahi, wurin zama bayan ya miƙa mulki, kafin ya ƙetare zuwa Fas a 1493. Talakawansa sun zauna. An tilasta musu shiga Kiristanci, sannan a 1567 aka hana su harshen Larabci da tufafinsu da gidajen wankansu. A ƙarshen 1568 suka yi tawaye. An yi ta'asa daga ɓangarorin biyu, aka murƙushe su a 1571, aka kwashe kimanin mutum 80,000 daga ƙasar Garnaɗa aka watsa su a cikin Kastil. Daga 1609 zuwa 1614 aka kori kusan 300,000 daga Sifaniya gaba ɗaya.

Waɗanda aka kawo suka maye gurbinsu sun gaji gidaje da gonakin da aka yanka hawa-hawa a jikin dutse. Sun kuma gaji abin da ya fi ganuwa amfani, wato magudanan ruwa. Idan dusar ƙanƙara ta fara narkewa, sai a tare ruwan tun daga can sama, a bi da shi ta magudanar ƙasa a gefen tsauni, a sake shi da gangan a wuraren da ƙasa take shanyewa. Bayan makonni ko watanni sai ya ɓullo a idanun ruwa na ƙasa, daidai lokacin rani da ake matuƙar buƙatarsa. Dabarar ta haura shekara dubu tana aiki.

An daɗe ana kallon ta a matsayin ɓarnar ruwa, hukumomi suna fifita bututu da siminti. Binciken masana ruwan ƙarƙashin ƙasa ya nuna cewa abin da ake kira yoyo shi ne yake cika rijiyoyi, yake raya itatuwa, yake sa kogi gudu a watan Agusta. Tun 2014 wata tawaga daga Jami'ar Garnaɗa ƙarƙashin José María Martín Civantos take haɗa kai da ƙungiyoyin manoma da 'yan sa-kai, suna yashe magudanan da aka yi watsi da su shekaru da dama.

'Yan sa-kan suna zuwa daga birni da shebur da fartanya, su yi yini ɗaya ko biyu, su buɗe hanya ruwa ya bi. Sauran aikin na mazaunin ƙauye ne: ya hau tsauni ya toshe inda ya ɓalle, ya san ranar da ruwa yake na wane da sa'ar da zai koma na wane, ya halarci taron da ake sasanta rigimar rabo. A ƙauyuka da yawa masu wannan sani dattawa ne, ƙungiyoyinsu kuma suna neman matasan da za su zauna su karɓa.